Mitar Baba a Kan Dubu Ɗaya

Talata, 5 ga Agusta, ƙarfe 4:30 na yamma

Yanzu na dawo daga gonar kajin Madam Caroline a Kachalla Sembe, warin ƙwan da ya lalace har cikin gashina. Ƙwai dubu biyu da ɗari huɗu a injin ƙyanƙyasa, sun yi kwana tara. An yi wuni biyu ana ruwa babu ranar da sola za ta caja batir, NEPA kuma halinta ne, inbata, na'urar da ke ba injin wuta daga batir, ta ɗauke ranar Asabar, kafin a farga ƙwai sun huce. Yau Madam ta gama haska su da fitila ɗaya bayan ɗaya. Babu mai rai.

Madam ta kira Baba, amma ya ce ƙafarsa na damunsa, ni zan je. Na je. Batir huɗu ne a jere, na sa mitata ta auna wuta a kan matakin ashirin na bi su: 12.41, 12.36, 12.40, sai na huɗu 11.52. Na sake gwadawa, 11.51. Wannan ɗaya ya mutu, shi ya ja sauran ƙasa har inbata ta kashe kanta.

Da na faɗa mata, sai ta shiga ciki ta fito da katin da Baba ya bari ranar 24 ga Yuli, ranar da ta kira shi ya duba komai kafin ta zuba ƙwai. Rubutunsa ne: 12, 12, 12, 12, lafiya lau, Zacchaeus. Ta ce mutumin da ya yi shekara talatin da biyu yana aikin wuta a Jalingo ba zai ce mata lafiya ba alhali babu lafiya, batir kuma ba ya mutuwa a kwana goma. To, wani ne ya ɗauke mai kyau ya dasa matacce. Makullin ɗakin batir a hannun mutum ɗaya yake, Jibrilla, mai kula mata da gonar shekara goma sha ɗaya.

Yana tsaye a wurin da bokitin ƙwai a hannu. Na naɗe wayoyina na hau keke.

Laraba, 6 ga Agusta, ƙarfe 7:10 na safe

Katin nan ya tsaya min a rai. Baba ba ya rubuta 12. Ina yarinya na taɓa rubuta masa 12 a kati, ya yaga shi a gabana ya ce sha biyu da me, Alisabatu, sha biyu da me?

Alhamis, 7 ga Agusta, ƙarfe 1:00 na rana

Baba ya tafi cin abinci, ina gyara teburinsa a shago, na ɗaga jakarsa mita ta faɗo. Sabuwar nan ce mai ruwan ɗorawa da ya saya lokacin Ista, bayan tsohuwar ta faɗo daga rufin wani gida a Majidaɗi. A kunne take, ya manta bai kashe ba. Makunnin yana kan dubu ɗaya.

Ba laifi ba ne mita ta kasance a kan dubu ɗaya. Shi ya koya min haka tun ina shekara sha biyu: in ba ka san ƙarfin wutar da za ka taɓa ba, ka fara daga sama don kada ka ƙona mita, sannan ka sauko mataki-mataki, dubu, ɗari biyu, ashirin, har ka iso mafi ƙanƙantar matakin da zai iya ɗaukar wutar. Fara daga sama, ka sauko. Sau nawa na ji wannan? Ko barci nake zan iya maimaitawa.

Dalili kuwa a fili yake. A kan dubu ɗaya mita ba ta ƙirga sai cikakken volt, babu ɗigo, babu abin da ke bayan ɗigo. Batir mai 12.4 za ta ce 12, mai 11.5 ma za ta ce 12. Takardar da ke cikin kwalinta ma ta faɗa: lambar ƙarshe tana iya kaucewa da biyu. A kan ashirin wannan biyun ba a bakin komai take ba, 0.02 ne kawai. A kan dubu ɗaya kuwa volt biyu ne cur. Alhali tsakanin batirin da ya cika da wanda ya mutu ko volt ɗaya da rabi babu.

Na kashe mitar na mayar masa a jaka yadda na same ta. Wataƙila wani abu dabam yake aunawa. Ai mutum yana iya barin mita a ko'ina.

Juma'a, 8 ga Agusta, ƙarfe 6:00 na yamma

Ruwa tun safe. Na share shago sau biyu, babu abin da ya yi datti.

Litinin, 11 ga Agusta, ƙarfe 11:20 na safe

Jibrilla ya zo shago. Madam ta karɓe makulli ta ce ya zauna a gida har sai ya dawo da batir. Baba ba ya nan, ya je jana'izar wani dattijon coci. Na ba shi benci ya ƙi zama, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula. Ya ce maganar ta riga ta zagaye unguwarsu, jiya a masallaci wani ya janye takalmansa daga kusa da nasa. Matarsa Hamna ta daina zuwa famfo da rana. Ya ce shi bai yi boko ba, bai san abin da lambobin nan ke nufi ba, amma ya ga na gwada sau biyu ranar nan, ya ga fuskata.

"Ƙanwata, na'urar nan taku ba ta iya faɗin ko batir ya daɗe da ciwo?"

Na ce masa mita ba ta faɗin abin da ya wuce, abin da ke gabanta kawai take faɗi. Gaskiya ne. Amma na san abin da na yi da wannan gaskiyar, kuma kunya ta kama ni har na kasa kallonsa. Ya ce useko, wato na gode da Fillanci, ya sa hularsa ya tafi.

Na yi ta bala'i da wani mai rediyo bayan tafiyarsa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Bawan Allah ya ɗauki rediyonsa ya fita yana waiwayena.

Talata, 12 ga Agusta, ƙarfe 2:45 na rana

Na sauko da kwalin katunan aiki. Kowane aiki Baba kan rubuta kati biyu, ɗaya ga mai gida, ɗaya a kwali. Na zube su a ƙasa na jera. Janairu: 12.68, 12.71. Fabrairu: 12.55. Maris haka. Daga ƙarshen Afrilu ɗigo ya ɓace. 12, 12, 13, 12. Rubutun ma ya ƙara girma, yana hawa kan layi.

Kati goma sha bakwai, ban da na Madam. Gida goma sha bakwai da aka ce musu lafiya lau.

Ba zan rubuta abin da nake tunani ba.

Laraba, 13 ga Agusta, ƙarfe 5:50 na yamma

Na ce wa Baba zan je kasuwa neman waya. Gida shida na zagaya, Barade huɗu, Majidaɗi biyu, ina cewa shago ne ya fito da sabon tsari na sake dubawa kyauta. Ƙarya dai tana zuwa min da sauƙi kwanakin nan, abin har tsoro yake ba ni. Biyar lafiyarsu ƙalau. A na shida, wani ɗan kemis mai firjin allurai, batir ɗaya 11.8. Na ce ya canza shi cikin satin nan, ya ce ai Baba ya duba a watan Yuni. Na ce batir ne, ba a rantsuwa a kansa.

Ƙafafuna sun yi tsami, amma da na zauna sai in ji kamar in tashi in ƙarasa sauran sha ɗayan.

Alhamis, 14 ga Agusta, ƙarfe 12:30 na rana

Na ɗauki mitar Baba ba da saninsa ba na koma gonar Madam. Na ce mata ina so in duba inbata ne. Mataccen batirin yana nan a lungu, ta ce kada a taɓa shi, shaida ne. Na murɗa makunni sau ɗaya daga kashewa, dubu ɗaya ke nan. Na ɗora masa wayoyin, ja da baƙi: 012. Na ɗora a kan masu kyau: 012, 012, 012. Na sauko ashirin na koma kan matacce: 11.49.

Na so a ce ba haka ba ne. Allah ya sani na so.

Wani abu kuma: ƙurar da ke kan batiran huɗu iri ɗaya ce, tsatsar kusoshinsu iri ɗaya, babu alamar sifana a ko ɗaya. Wannan batir bai motsa daga wurinsa ba tun ranar da muka dasa shi. Da na buɗe ido ranar farko da na gani.

Asabar, 16 ga Agusta, ƙarfe 8:15 na safe

Jiya da yamma muna ɓare masara da Mama a tsakar gida, na fara zagaye-zagaye. Ban kai ko'ina ba ta tare ni. Ta ce ta sani tun kafin Ista. Ita ke ajiye masa kofi da buroshi da makulli a wuri ɗaya kullum, ita ke karanta masa saƙon waya da sunan wai tana son gulma. Ya daina karatun Littafi a sujadar safe, ya ce lokaci ya yi da matasa za su karɓa. Ta yi masa maganar asibiti sau uku, sau uku ya tashi ya bar mata abinci.

Na ce to Mama, Jibrilla fa? 'Ya'yansa huɗu.

Ta ce Madam za ta huce, masu kuɗi fushinsu ba ya daɗewa. Ta ce Baba ba shi da gona, ba shi da fansho, sunan nan kaɗai gare shi, duk Jalingo in an ce Zacchaeus ya auna to magana ta ƙare. Ta riƙe hannuna ta ce kada in kunyata ubana a bainar jama'a. Na fizge hannuna. Ban taɓa yi mata haka ba.

Lahadi, 17 ga Agusta, ƙarfe 1:30 na rana

A coci ina bayan Baba. Littafin waƙa a buɗe a hannunsa, yana rerawa daidai, shafin kuwa ba na waƙar ba ne.

Litinin, 18 ga Agusta, ƙarfe 3:00 na rana

Madam ba ta huce ba. Ta kai ƙara wurin mai unguwa, an sa zama ranar Asabar ƙarfe goma. In Jibrilla bai fito da batir ba, daga nan sai ofishin 'yan sanda. Ta aiko a ce tana son Baba ya zo da katinsa ya yi shaida. Baba ya ce zai je mana, me zai hana, abin da ya auna ya auna.

Na ƙarasa gidaje sha ɗayan nan tsakanin Asabar da yau. Biyu kuma sun fito da matsala. Ban san me ya sa nake jin haushin kowa ba, har mai keken da ya kawo ni sai da muka yi cacar baki.

Talata, 19 ga Agusta, ƙarfe 7:00 na safe

Gobe zan yi wa Baba magana.

Laraba, 20 ga Agusta, ƙarfe 6:30 na yamma

Ban yi ba. Ya sayo min dafaffiyar gyaɗa a hanya, ya ajiye min a tebur kamar yadda yake yi tun ina firamare.

Alhamis, 21 ga Agusta, ƙarfe 5:15 na yamma

Na yi.

Na jira shago ya yi shiru bayan azahar. Na ɗauko wani batir na ɗora a teburinsa, na miƙa masa mitarsa na ce Baba, duba min wannan, ban yarda da tawa ba. Ya murɗa sau ɗaya, ya ɗora wayoyi, ya kawo gilashin mitar dab da fuskarsa ya ce sha biyu, lafiya.

"Sha biyu da me, Baba?"

Ya sake ƙura wa gilashin ido.

"Sauko da ita ashirin."

Babban yatsansa yana kan makunnin. Ya ɗan motsa shi ya tsaya. Na ga yana laluben rubutun da ke zagaye da shi, ƙananan fararen haruffa, waɗanda ko ni sai na kusanto. Sabuwar mita ce, ba a jera matakanta kamar tsohuwar da hannunsa ya haddace ba. In ya zarce ya faɗa wurin auna wani abu dabam, mita ta ƙone a gaban mai gida. Abin da ya tabbata da shi kawai shi ne murɗawa ɗaya daga kashewa. Wata huɗu yana nan a sama, tambaya ɗaya ce za ta sauko da shi, ya ƙi yin ta.

Ya ajiye mitar a hankali. Ya ce wato tarko na ɗana masa a shagonsa, da mitarsa, ni da ya koya wa riƙon waya. Na ce batirin Madam 11.5 ne, kuma 11.5 ne tun ranar da ya auna, Jibrilla bai taɓa komai ba. Na ce ranar Asabar zan je, zan auna a gaban kowa, ko ya zo ko bai zo ba. Na faɗa har ƙarshe. Ya ce in je, ai na girma, yanzu ni ce injiniya. Ya ɗauki hularsa ya fita, ya bugi bencin bakin ƙofa da gwiwa, bai tsaya ba.

Na yi kuka a bayan kanta kamar wata sakarya. Ina son mutumin nan, kuma ina jin haushinsa, kuma da zan sake, haka zan sake yi.

Juma'a, 22 ga Agusta, ƙarfe 4:00 na yamma

Bai zo shago ba. A gida bai amsa gaisuwata ba. Mama ma haka.

Asabar, 23 ga Agusta, ƙarfe 9:05 na safe

Na sa sabon batir a mitata, na gwada ta sau uku. Ƙofar ɗakin Baba a rufe. Zan tafi.

Asabar, 23 ga Agusta, ƙarfe 3:40 na yamma

An yi zaman a rumfar ƙofar gidan mai unguwa. An kawo batiran huɗu a baro. Mutane sun fi ashirin, har da waɗanda babu ruwansu. Jibrilla a gefe da yayansa, Madam a kujera da katin a hannu. Har an fara sai ga Baba ya sauko daga keke, da rigarsa ta zuwa coci. Ya gaisa da mai unguwa ya zauna, bai dubi inda nake ba.

Da aka zo kaina na ce a ba ni mutum ɗaya mai karatu ya riƙa karanta lambar da ƙarfi, don kada a ce ni na faɗa. Wani malamin makaranta ya matso. Na sa a kan dubu ɗaya na bi huɗun, ya karanta sha biyu sau huɗu. Madam ta ɗaga kati ta ce ka ji, daidai da na Baba. Na ce Madam, ai da mataccen a cikinsu. Na sauko ashirin na sake bi, malamin ya karanta, da ya zo na huɗu ya ce sha ɗaya da ɗigo huɗu da takwas. Na yi bayanin matakan a taƙaice, na nuna musu ƙura da tsatsar kusoshi. Madam ba wawiya ba ce, na ga lokacin da ta gane. Ta juya ta dubi Baba.

Mai unguwa ya tambaye ni ko ina nufin ranar 24 ga Yuli a kan dubu ɗaya aka auna. Kafin in amsa Baba ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, ba ita za a tambaya ba. Ni na auna. A kan dubu na auna, ban sauko ba, don ba na ganin rubutun. Tun Ista ba na gani. Wannan mutum bai ɗauki komai ba."

Ya juya wajen da yake zaton Jibrilla yake, ya ɗan kauce, yayan yake fuskanta. Ya ce Malam Jibrilla ka yafe min, na bari ka kwana goma sha takwas da sunan ɓarawo. Jibrilla ya taso ya kama hannunsa da hannu biyu. Madam ta ba shi haƙuri a gaban kowa, ta miƙa masa makulli. Ya karɓa, amma ya ce sai ya yi shawara da iyalinsa tukuna. Ban ga laifinsa ba. Maganar ƙwai mai unguwa ya ce a bar ta zuwa wani zaman. Ina jin mutane biyu a bayana suna tambayar juna ko Baba ne ya duba musu nasu.

Da aka watse bai jira ni ba. Ya kama hanya da ƙafa, ina biye da shi da jaka, taku goma tsakaninmu, bai waiwayo ba ko sau ɗaya. Har muka iso babban titi inda ake tsallakawa a hau keken Barade. Ya tsaya a bakin kwalta. Ni ma na tsaya a bayansa. Titin fayau, babu mota, babu keke, ko akuya babu. Ya tsaya, ya tsaya, yana karkata kai hagu da dama. Na yi zaton fushi ne ya riƙe shi a wurin.

Sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Alisabatu, akwai abin da ke zuwa?"

Na ce babu, Baba. Na matso na kama hannunsa muka tsallaka. Da muka kai ɗaya gefen bai sake ni ba.